Daga Kufena Zuwa Gaɓar Teku: Yadda Bazazzagi Zai Taka Hanyar Coast Track a Ostireliya

Duk shekara Zariya tana tura 'ya'yanta ƙasashen waje ƙaro ilimi. Malaman Jami'ar Ahmadu Bello, likitocin da suka taso a Shika, matasan da suka samu gurbin digiri na biyu, a cikinsu akwai waɗanda Allah kan kai Sidni ta ƙasar Ostireliya. Mutum ba ya daɗewa da sauka abokan karatu za su fara jansa yawon daji a ƙarshen mako, domin mutanen can sun riƙi tafiyar ƙasa a gandun daji hannu bibbiyu. Hanyar da aka fi kai baƙo ita ce Coast Track, mai tsawon kilomita 26, wadda ta bi gaɓar teku daga ƙauyen Bundeena zuwa Otford a cikin gandun Royal National Park, kudu da birnin. An kafa gandun a 1879, shekara bakwai bayan na Yellowstone da ke Amurka, don haka yana cikin mafiya daɗewa a duniya.

Ina so duk ɗan Zariya da ya samu wannan dama ya je. Amma ya je da sanin abin da ya sani da abin da bai sani ba. Rana ba baƙuwarmu ba ce, hawan dutse ba sabon abu ba ne ga wanda ya girma yana kallon Kufena, maciji kuwa mun san shi tun a gona. Teku ne ba mu sani ba. Tsakaninmu da shi ɗaruruwan kilomitoci ne, kuma yawancinmu ko iyo ba mu iya ba. Shi ya sa zan fi daɗewa a kan teku fiye da komai.

Shiri tun daga gida

Idan tafiyarka Ostireliya ta tabbata, ka fara gyara ƙafarka tun kana Zariya, kamar wata biyu kafin tashi. Bayan sallar asuba ka fita da jakar goyo, ka zuba mata robobin ruwa har ta yi nauyin kilo biyar ko shida, ka yi tafiyar awa ɗaya. Wanda ke Samaru zai iya zagaya cikin jami'a ya gangara wajen dam ya dawo. Kowane mako ka ƙara lokaci da nauyi, har ka iya awa huɗu da kilo goma a baya ba tare da ka kwanta ciwo washegari ba.

Shimfiɗaɗɗiyar hanya kaɗai ba ta isa ba, domin Coast Track hawa da gangara ce: a sauka zuwa rairayin bakin teku, a sake haurawa kan dutse, haka har ƙarshe. Nan ne amfanin Kufena. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku nufi Wusasa da sanyin safiya, ku gaisa da mutanen wurin, ku tambayi inda ake bi. Ka lura da gangarowa fiye da hawa, don ita ce ke cin gwiwa da yatsun ƙafa. Da rani kuma ka samu yashin bakin kogi ka taka da kaya a baya. Wanda bai taɓa tafiya cikin yashi mai zurfi da nauyi ba zai sha mamakin yadda ƙwauri ke ɗaukar zafi cikin minti goma.

Takalmi shi ne abin da bai kamata a yi masa rowa ba. A wajen 'yan gwanjo na kasuwar Sabon Gari akan dace da kambas masu kaurin ƙasa da zane mai zurfi. Ka je da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa mai kauri a aljihu. Mai kaya zai ce maka, "Malam, wannan daidai kai ne, kamar an auna." Ka ce, "Alhaji, bari dai in taka." Ka ɗaure igiya, ka buga gaban takalmin a ƙasa. Idan babban yatsa ya taɓa gaba, ajiye shi ka nemi wanda ya fi shi girma. Ka lanƙwasa ƙasan ka duba ko gam ya fara saki. Sannan ka yi dukan atisayenka da shi, kada ya zamana ranar tafiya ce ranar farko da ƙafarka ta san shi, don bororo ɗaya a dunduniya ya isa ya ɓata yini guda.

Kafin ka sa takalmin a akwati ka wanke shi tas da buroshi. Jami'an filin jirgin Ostireliya ba sa wasa da ƙasa ko laka a jikin kaya, kuma akwai tambaya a kan haka a katin da ake cikewa kafin sauka. Haka batun guzuri. Na san Hajiya za ta so ta ƙulla maka kilishi da dambun nama da daddawa, amma nama daga Najeriya ba ya shiga ƙasar, sauran kayan abinci kuma dole a bayyana su. Wanda ya ɓoye aka kama, tara ce mai nauyi, wani lokaci har biza kan tafi. Dabino da abincin halal za ka same su a wadace a unguwar Lakemba da ke Sidni.

Zaɓen lokaci da neman izini

Yanayinsu kishiyar namu ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da muke fama da hunturu, su zafi suke sha, kuma lokacin gobarar daji ke nan. A Janairun 1994 wuta ta cinye kusan dukan wannan gandu. Daga Yuni zuwa Agusta sanyi ne, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar. Ni dai na fi son Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. A watannin ƙarshen nan furanni ke buɗewa a kan tudu. Daga Mayu zuwa Nuwamba kuma manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel suna wucewa kusa da gaɓa, ana hango feshin numfashinsu daga kan dutse. Kada ka sa tafiyar cikin azumi.

Hukumar da ke kula da gandayen jihar New South Wales, inda Sidni take, ta tsara hanyar a matsayin tafiyar kwana biyu: kilomita 18 ranar farko zuwa sansanin North Era, 8 washegari. Ba a kafa tanti sai a wurin da aka ware, kuma sai an yi rajista ta intanet tun da wuri. Akan rufe sansanin ko wani yanki na hanyar saboda gyara, zaftarewar ƙasa ko barazanar gobara, don haka ka duba sanarwar hukumar mako guda kafin tafiya, ka sake dubawa a safiyar ranar. Masu ƙarfi kan gama duka a yini ɗaya. Ban ba baƙo wannan shawara ba. Zuwan farko ya fi kyau mutum ya tsaya a rairayin Marley ko na Wattamolla da ke kan hanyar ya juyo, ya ga yadda jikinsa ya karɓa.

Kada ka tafi kai kaɗai. Kuma ka bar wa wani amintacce bayani a rubuce: inda za ku fara, inda za ku kwana, lokacin da zai ji muryarka, da lokacin da in bai ji ba zai kira hukuma. Lambar gaggawa a can 000 ce. Ka sauke manhajar Emergency Plus, wadda ke nuna lambobin inda kake tsaye don ka karanta wa masu ceto. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wurare da dama, saboda haka taswirar ma a sauke ta a waya tun a gida, a riƙe ta takarda a aljihu.

Abin da za a ɗauka

Ruwa lita uku zuwa huɗu ga kowane mutum a yini. Akwai ƙoramu a hanya, amma ba a shan ruwansu sai an tafasa ko an sa ƙwayar tsarkakewa. Ka tafi da sinadarin gishiri da sukari, ko ka haɗa da kanka: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya. Abinci marar nauyi: dabino, gyaɗa, burodi, kifin gwangwani, garin kwaki. Ba a hura wutar itace, sai ƙaramin murhun gas, shi ma akan taƙaita shi ranar da aka ayyana haramcin kunna wuta. Sai malafa mai igiya, rigar ruwa, rigar sanyi ko da zafi ake yi, tocilar goshi, fawa bank, filasta, da bandeji mai naɗewa guda biyu masu faɗi. Man kariya daga rana ma a shafa. Baƙar fata tana da ɗan kariya, amma ranar Ostireliya tana ƙona wuya da leɓe ko da gari ya yi lumshi.

Dogayen kaya masu yalwa ba na kan gaɓa ba ne, don iska tana cika su. 'Yan'uwa mata su zaɓi gajeren hijabi da za a iya cusawa cikin riga, da wando mai yalwa da riga zuwa gwiwa. Sutura ta samu, iska kuma ba ta samu abin kamawa ba.

Karatun teku

Ga inda nake roƙon a natsu. Teku yana cika ya janye sau biyu a kowane yini. Tsakanin cikarsa da janyewarsa awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin. Wata ne ke jan ruwan, tare da rana. Mu da muke lissafi da watan Musulunci muna da sauƙi a nan: a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu da sha biyar, cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu bambancin ya fi ƙanƙanta. Hukumar yanayi ta Ostireliya tana wallafa jadawalin kowace rana, har da tsayin igiyar da ake sa rai. Ka rubuta lokutan a takarda kafin ka fita. Dutsen da ka taka a bushe da ƙarfe goma na safe zai iya zama ƙarƙashin ruwa da la'asar, hanyar komawa ta toshe.

Igiyar ruwa ba ta zuwa daidai da juna. Ka tsaya a tudu ka ƙura wa wani shimfiɗaɗɗen dutse ido. Ƙanana za su zo su lashi bakinsa su koma, shida, bakwai, goma, har zuciyarka ta ce ai nan ne iyakarsu. Sai ka ga ruwan ya ja baya fiye da da, gindin dutsen ya bayyana da koren gansakuka, sannan wata ta taso ta share dutsen gaba ɗaya, farin kumfa ya kai har inda ɗazu wani ya tsaya ɗaukar hoto. Saboda haka kafin ka sauka kan kowane dutse da ke kusa da ruwa ka yi kallo na minti goma sha biyar ko ashirin. Dutse mai jiƙe, ko mai baƙi, ko mai kore, shaida ce ruwa yana kaiwa nan, kuma santsi gare shi. Kada ka taɓa ba teku baya. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

A rairayi kuma akwai tarkon da ya fi kama baƙo. Ruwan da igiya ta turo gaɓa yana neman hanyar komawa, sai ya haɗu ya yi magudana mai ƙarfi zuwa cikin teku. Abin haɗarin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: duhu-duhu, babu farin kumfa, igiya na fashewa dama da hagu amma shi shiru. Wanda bai sani ba nan zai zaɓa ya shiga. In har ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi ka nufi gaɓa kai tsaye, ƙarfinka ne zai ƙare. Ka kwanta rigingine, ka ɗaga hannu ɗaya, in ka iya iyo ka yi ta gefe, ka bi tsawon gaɓar har ka fita daga cikinsa. Yawancin rairayin wannan hanya babu masu ceto. Inda suke, suna kafa tutoci masu ja da rawaya, kuma tsakaninsu kawai ake wanka. Wanda iyakar iyonsa kududdufin unguwa ne ko dam, ruwa kada ya wuce masa idon sawu. Kada kunyar abokai ta sa ka shiga.

Ƙananan tafkunan da ke cikin duwatsu suna da kyan gani, amma kada a sa hannu. Akwai wata 'yar dabba mai hannuwa takwas da zobba shuɗɗa a jiki, ba ta wuce tafin hannu ba, dafinta yana tsayar da numfashi.

Hanyar kanta

Daga tsakiyar Sidni ka hau jirgin ƙasa zuwa Cronulla, tafiyar kusan awa guda. Daga nan jirgin fito zai tsallakar da kai Bundeena cikin kamar rabin awa. Ka kama na farko-farko. A Bundeena ka cika robobinka, ka kama ruwa, don nan ne shaguna na ƙarshe. Wannan ƙasar mutanen Dharawal ce tun dubban shekaru, kuma zanen da suka sassaƙa a kan dutse yana nan a Jibbon, kusa da ƙauyen. Ana kallo daga dandamalin da aka gina, ba a takawa.

Da ka fita daga ƙauyen za ka hau tudu mai gajerun tsirrai, teku na hagunka, kuma a hagun zai zauna har Otford. A wurare da yawa an shimfiɗa matakala ta musamman sama da ƙasa don kare tsirrai, ka bi ta. Ba da daɗewa ba za ka iso Wedding Cake Rock, farin dutse fat mai kusurwa kamar an yanka da wuƙa. An kange shi da shinge tun bayan binciken 2015 da ya nuna zai iya ruftawa, kuma ana cin tarar masu tsallakawa. A nan ne sanin Kufena zai iya yaudarar mutum. Dutsenmu na gida ƙaƙƙarfa ne, ka taka bakinsa ya riƙe ka. Na wannan gaɓa yashi ne da ya dunƙule, iska da ruwan gishiri suna cin ƙarƙashinsa, sai ya zama abin da kake tsaye a kai fefe ne a kan sarari. Ko inda babu shinge ka bar tazarar taku da yawa tsakaninka da baki, ballantana in ana iska.

Daga nan a gangara Marley, a ratsa yashi, a wuce Little Marley, sai Wattamolla, inda mota ke iya zuwa, akwai banɗaki da inuwa da tafki mai natsuwa. Wurin cin abinci da sallar azahar ke nan. Za ka iya ganin matasa suna dirowa daga kan dutsen da ruwa ke zuba, an hana, kuma an sha samun munanan raunuka a wurin.

Batun salla yana da ɗan gyara. Alƙibla daga Sidni yamma take, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa, wato in ka fuskance ta teku yana bayanka. Saboda haka ka hau tudu nesa da ruwa kafin ka ta da kabbara. Da tsakar rana kuma rana tana arewa ne, kada inuwa ta rikita ka. Ruwan teku yana halatta alwala, hadisin yana cikin Muwaɗɗa Malik, don haka ba sai ka ƙarar da ruwan shanka ba. Ka ɗebo a roba daga wuri marar haɗari ka koma sama. Ga mazaunin Sidni nisan bai kai na ƙasaru ba a mazhabar Malikiyya.

Gaba da Wattamolla akwai wurin da na fi so a dukan hanyar, Curracurrong, inda ƙorama ke faɗowa daga kan gaɓa kai tsaye cikin teku, ga dutsen Eagle Rock mai siffar kan gaggafa a gefe. Ranar da iska ta taso daga teku, ruwan ba ya kaiwa ƙasa, sai ta ɗauke shi ta maido shi sama ya yi ta yayyafi a kan masu wucewa. Ka zauna ka huta a nan, amma da ido a kan agogo, domin gangaren sauka rairayin Garie yana gaba, mai tsayi ne, kuma gwiwa ta riga ta gaji. Bayan Garie akwai ɗan yankin da hanya ta bi gindin dutse kusa da ruwa, nan ne takardar jadawalinka za ta yi aiki. In ka tarar igiya na kaiwa hanya, ka jira. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Da zafi, wani lokaci da yamma iska mai sanyi kan taso daga kudu farat ɗaya, gari ya juya cikin mintuna. Rigar sanyin nan ta zauna a saman jaka, ba a ƙasa ba.

Washegari za ka ratsa Era da Burning Palms, inda akwai tsofaffin bukkokin da aka gina da yawa daga cikinsu a shekarun 1930, lokacin matsin tattalin arziki. Masu su suna nan, a wuce da ladabi. Daga Burning Palms ne ake ratsewa zuwa Figure Eight Pools, tafkunan da hotunansu suka cika Instagram. Ba ya cikin ainihin hanyar, sai an bi ta kan duwatsu masu santsi, kuma igiya ta sha watsar da mutane a wurin har a kwashe su da jirgi mai saukar ungulu. Hukumar gandun tana wallafa hasashen haɗarin wurin kowace rana. A ganina baƙon teku mai kaya a baya ba shi da abin yi a can.

In maciji ya yi sara

Macizan yankin dangin gamsheƙa ne, ba dangin kububuwa da kasa ba, kuma taimakon farko ya bambanta da abin da muka saba ji. Yawanci in sun ji motsi guduwa suke, sai ka tsaya cik ka ba su hanya. In an yi sara, a kwantar da mutum, kada ya taka ko'ina. A naɗe wurin da bandeji, sannan a fara daga yatsu a naɗe ƙafar ko hannun gaba ɗaya zuwa sama, da ƙarfi irin na ɗaurin targaɗe, a sa sanda a ɗaure don kada ta motsa, a kira 000. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya don tsayar da jini, ba a wanke wurin, kuma ba a bin macijin don a kashe.

Ƙarasawa Otford

Yankin ƙarshe kurmi ne mai duhu da damshi da ake kira Palm Jungle, cike da itatuwa dangin giginya. Bayan ruwan sama akwai laka da matsattsaku, ka cusa ƙafar wando cikin safa. Hawan yana da tsawo, sannu ba ta hana zuwa. Za ka fito a tudun Otford, daga nan a gangara tashar jirgin ƙasa ta wata hanya mai tsananin gangare. Jirage ba su cika tsayawa a wannan ƙaramar tasha ba, musamman ƙarshen mako, don haka ka san lokutansu tun kafin ka baro gida. Duk shararka, har ɓawon lemo, tana cikin jakarka zuwa gari. Da sabis ya dawo ka kira wanda ka bar wa bayani ka ce kun fito, kada ya ta da masu ceto a banza. In ka isa masauki ka duba bayan kunne, hammata da ƙugu ko kaska ta maƙale. In ka same ta kada ka matse ta ko ka fizge da farce, ka je kantin magani su ba ka feshin da ke daskarar da ita.